Ko Kun Sani?

Misalin ɗa almubazzari, wanda Kiristoci Hausawa, har da na ƙauyukan Gwarzo da Kabo, ke ji a coci, a Linjilar Luka kaɗai yake, sura ta 15. A misalin, yaron, wanda yake da wa ɗaya, ya nemi gādonsa tun uban na raye, abin da ko a ƙasar Hausa zai sa a kama baki. A shari'ar Musa ɗan fari kaso biyu yake ɗauka, don haka sulusin dukiya ƙanen ya ɓarnatar. Da ya dawo tsiya-tsiya, uban ne ya ruga ya rungume shi, ya ce a sa masa riga da zobe da takalmi, aka yanka maraƙi. Wan ya yi fushi ya tsaya a waje, kuma Luka bai faɗi ko ya shiga ba.