Gwanjo ko Ƙayyadajjen Farashi: Nazarin Zaɓin Mai Sayar da Tsohon Agogo a Kasuwar Intanet

Tsakure

Wannan maƙala ta duba zaɓin da ke gaban wanda ya mallaki tsohon agogon hannu yake kuma son sayar da shi ta intanet: ko ya sa shi a gwanjo, ko ya yanka masa farashi ya jira mai saye. An dogara ga ra'in gwanjo na masana tattalin arziki, da binciken da aka gudanar a kan kasuwar eBay, da wasu fitattun cinikayyar agogo. Maƙalar ta nuna cewa tsadar agogo ba ita ce ma'aunin zaɓi ba. Abin dubawa shi ne irin duhun da ke tattare da agogon, da yawan waɗanda suka san darajarsa da za su hallara a kansa cikin 'yan kwanakin gwanjon.

1.0 Gabatarwa

A ranar 26 ga watan Oktoba na shekarar 2017, gidan gwanjo na Phillips ya sayar da wani agogon Rolex Daytona a birnin New York na Amurka a kan dala 17,752,500. Agogon mallakar ɗan wasan fim Paul Newman ne, wanda matarsa Joanne Woodward ta ba shi kyauta. Ya kamata a yi hanzarin cewa ba Paul Newman masanin harshe ake nufi ba, mai babban littafin nahawun Hausa na shekarar 2000. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Irin wannan labari shi ke sa duk wanda ya tsinci tsohon agogon mahaifinsa a ƙasan akwati ya ɗauka cewa gwanjo ne hanyar samun kuɗi mafi tsoka.

A kunnen Bahaushe kuwa, kalmar gwanjo wani hoto daban take kawowa. Kayan gwanjo su ne waɗanda aka riga aka yi amfani da su, ake sayar da su da araha, kuma idan aka ce an yi gwanjon kayan wane, ba a cika nufin ya ci riba ba. Fuskokin nan biyu duk gaskiya ne. Gwanjo na iya ɗaga kaya sama da zato, yana kuma iya karya shi warwas, kuma dalili guda ne ke haifar da duka biyun.

Tsohon agogo a nan yana nufin wanda aka ƙera shekaru da dama da suka wuce, galibi mai inji, wanda ake wanawa da hannu ko motsin hannu ke wana shi. Tun da kamfanin Seiko na Japan ya fitar da agogon Astron mai batir a watan Disamba na 1969, aka daina neman agogo mai inji saboda daidaiton lokaci kawai. Darajarsa ta koma ga ƙira da tarihi da ƙaranci, abubuwan da babu sikelin da zai auna su.

2.0 Yadda Hanyoyin Biyu Suke Aiki

Kasuwar eBay, wadda Pierre Omidyar ya kafa a 1995, da gwanjo ta soma. Mai kaya yana zaɓen tsawon lokaci, daga kwana 1 zuwa kwana 10, ya sa farashin buɗewa. Kowane mai tayi yana shigar da iyakar abin da zai iya biya a ɓoye, na'ura kuma ta riƙa taya masa kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da zai sa ya ci gaba da zama a gaba. Idan lokaci ya cika, wanda ya fi kowa tayi shi ke ɗauka, amma ba iyakar tasa zai biya ba. Zai biya iyakar wanda ke bi masa ne da ɗan ƙari. Wannan tsari ya yi kusa da wanda William Vickrey ya fayyace a 1961, aikin da yana cikin waɗanda suka kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1996.

A nan ne gaɓar maganar take, domin da yawa daga masu sayarwa ba su lura da ita. A ƙaddara mutum uku ne suke son wani agogo: na farko zai iya biyan dala 3,000, na biyu 2,200, na uku kuma 1,400. Gwanjo zai tsaya ne a ɗan sama da 2,200. Idan kuwa aka yi rashin sa'a na biyun yana kan tafiya a wannan makon bai ga tallar ba, agogon zai tafi a ɗan sama da 1,400, alhali mai sayen a shirye yake ya biya fiye da ninkin haka. Ke nan farashin gwanjo ba a hannun wanda ya fi son kaya yake ba, a hannun wanda ya zo na biyu yake. Bulow da Klemperer (1996) sun tabbatar a ra'i cewa, bisa wasu sharuɗɗa, samun ƙarin mai tayi guda ya fi wa mai kaya amfani a kan duk wata dabarar saka farashin ƙasa da zai iya yi.

Ƙayyadajjen farashi bai da wannan sarƙaƙiya. eBay ta shigo da shi a shekarar 2000, kuma shi ne ginshiƙin Chrono24, kasuwar agogo da aka kafa a Jamus a 2003. Mai kaya ya yanka kuɗi ya zauna jira. Sau da yawa ana barin ƙofar tayi a buɗe, mai saye ya taya, mai kaya ya yi albarka ko ya sallama, kamar dai cinikin da aka saba. A misalin da ya gabata, da an sa wa agogon dala 2,800, da mutumin farko ya saye shi duk ranar da ya ci karo da shi. Sai dai ranar na iya zama gobe, tana kuma iya zama bayan wata biyar.

3.0 Abin da Bincike Ya Nuna

Einav da Farronato da Levin da Sundaresan (2018) sun nazarci bayanan cinikayyar eBay, musamman daga 2003 zuwa 2009. Sun gano cewa gwanjo, wanda shi ne ya mamaye kasuwar da farko, ya yi ta ja da baya har ƙayyadajjen farashi ya rinjaye shi. Ta hanyar kwatanta kaya iri ɗaya da mai sayarwa ɗaya ya tallata ta hanyoyin biyu, sun nuna cewa kayan da aka sa a gwanjo ya fi samun shiga, amma a matsakaici kuɗinsa bai kai na ƙayyadajjen farashi ba, kuma wannan giɓi ya riƙa faɗaɗa a tsawon shekarun. Babban dalilin da suka kawo shi ne masu saye sun rage sha'awar zaman jiran ƙarewar gwanjo. Duk da haka gwanjo bai mutu ba: ya ci gaba da ƙarfi a kayan da aka yi amfani da su da waɗanda ba su da tamka, da kuma wajen masu sayarwa da ba su daɗe a kasuwa ba. Tsohon agogo yana iya faɗawa kowane ɓangare.

Akwai binciken da ake yawan kafa hujja da shi don fifita gwanjo. Lee da Malmendier (2011) sun bi diddigin cinikin wani kayan wasa a eBay, suka tarar a kashi 42 cikin ɗari na gwanjon an biya fiye da ƙayyadajjen farashin da ake sayar da irin kayan a daidai wannan lokaci. Zafin takara da rashin duba wasu tallace-tallacen suna aiki, babu shakka. Amma ba hikima ba ce mai agogo guda ya jingina dukiyarsa ga fatan cewa mutum biyu za su yi gaggawa a rana ɗaya, ballantana masu tara tsofaffin agogo, waɗanda galibinsu sun san farashi kamar yunwar cikinsu.

Roth da Ockenfels (2002) kuma sun lura cewa a gwanjon da ke rufewa a ƙayyadajjen lokaci, irin na eBay, ƙwararru kan riƙe tayinsu sai a daƙiƙun ƙarshe, saɓanin gwanjon Amazon na wancan zamani da ake ƙara wa lokaci idan sabon tayi ya shigo. Ɗabi'ar ta fi yawa a kayan tarihi, inda masani ba ya son tayinsa ya tona wa wasu cewa kayan na da daraja. Saboda haka mai agogo na iya kwana shida yana kallon farashi a ƙasa, ba tare da sanin ko za a yi rububi a minti na ƙarshe ko ba za a yi ba.

4.0 Duhu Iri Biyu

Duhu na farko shi ne rashin sanin nawa mutane za su biya. Wannan shi gwanjo yake warwarewa. Na biyu shi ne rashin sanin ko agogon shi ne abin da aka ce shi ne. Wannan kam gwanjo ba ya maganinsa, yakan ma ƙara shi.

Game da na farko, akwai agogon da aka ƙera da yawa ƙwarai, kamar Seiko 5 da ya fara fitowa a 1963, da Omega Seamaster na shekarun 1960, da Rolex Datejust mai lamba 1601. Ana sayar da irinsu kullum, kuma eBay tana nuna farashin da aka sallama kaya a cikin kwanaki 90 da suka gabata. Wanda ya duba waɗannan ya riga ya san kasuwa, da sharaɗin ya duba kuɗin da aka biya, ba kuɗin da masu talla suke nema ba, domin tazarar da ke tsakaninsu kan yi faɗi. Sa irin wannan agogo a gwanjo ɗaukar kasada ce don neman amsar da ake da ita a hannu, sai fa idan buƙatar kuɗi ta gaggawa ce ta matsa. Amma agogon da fuskarsa ta fita daban, ko wanda aka ƙera kaɗan, ko mai tarihin wani sananne, ba shi da abin kwatance. Duk farashin da mai shi ya yanka, kintace ne. Idan ya yi sama, kaya ya kwanta. Idan ya yi ƙasa, dillali ya sure shi cikin minti kaɗan, kuma saurin cinikin shi ne zai sanar da shi cewa ya yi asara. Mataccen agogo da ake saye don kayan gyara ma ya fi dacewa da gwanjo, saboda masu gyara ne kaɗai suka san abin da ke da amfani a cikinsa.

Duhu na biyu ya fi wuyar sha'ani. Akerlof (1970) ya nuna cewa idan mai saye ba zai iya bambance kaya mai kyau da maras kyau ba, zai taya ne da farashin matsakaici, wanda hakan ke korar masu kaya mai kyau daga kasuwa. A tsohon agogo, abin da idon baƙo ke gani gyara ne, a wurin masani aibi ne: fuskar da aka sake wa fenti, jikin da aka goge har kaifin gefensa ya tafi, allurai da aka musanya da sababbi. Akasin haka, baƙar fuskar da ta koɗe ta koma ruwan ƙasa tana iya ƙara wa agogo kuɗi. Hatta manya ba su tsira ba. A watan Nuwamba na 2021 an sayar da wani Omega Speedmaster na 1957 a gwanjon Phillips a Geneva a kan sama da faran miliyan 3 na Suwizalan, kuma kamfanin Omega da kansa ya saya don gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya bayyana cewa agogon haɗe-haɗe ne daga sassan wasu agogunan. Idan wanda ya ƙera kaya zai iya ruɗuwa, me za a ce da mai kallon hotuna goma a waya?

Mai tayi mai hankali ya san cewa wanda ya yi nasara a gwanjo sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa kyautata zato, don haka yakan rage tayinsa gwargwadon shakkunsa. Kwana bakwai kuma ba su isa a yi tambaya, a nemi hoton inji, a tuntuɓi mai gyara ba. A ƙayyadajjen farashi akwai sararin yin duk wannan. Shi ya sa kasuwannin suka ƙirƙiro hanyoyin gina amana: Chrono24 tana riƙe kuɗin mai saye har kaya ya isa hannunsa, eBay kuma ta fara tantance sahihancin agogon da ya kai dala 2,000 a Amurka a 2020. Agogon da ya haɗa duhun biyu, wato ba a san farashinsa ba kuma sai an tabbatar da asalinsa, gwanjon gidan ƙwararru ya fi cancanta da shi, inda za a bincika shi a kuma tara masa masu tayi da suka dace.

5.0 Farashin Ƙasa, La'ada da Yanayin Kasuwa

Mai tsoron faɗuwa a gwanjo yana iya saka ɓoyayyen farashin da ba za a sallama ƙasa da shi ba. Amma kariyar tana da nata tsada. eBay tana karɓar kuɗi a kanta ko an sayar ko ba a sayar ba, sannan gwajin da Katkar da Reiley suka yi da katunan Pokémon ya nuna cewa ɓoye wannan farashi yana rage masu tayi na gaske da yiwuwar sayarwa, idan aka kwatanta da bayyana shi a matsayin farashin buɗewa. Wasu kan bi gajeriyar hanya, su sa aboki ya riƙa tayin ƙarya don ingiza farashi. Dokokin eBay sun haramta hakan, kuma shi ne najashi da fiƙihun Musulunci ya hana, duk da cewa jumhurun malamai sun halatta gwanjon kansa.

La'ada ma tana sauya lissafi. Manyan gidajen gwanjo sukan ɗora wa mai saye kimanin kashi ɗaya bisa huɗu a kan farashin da aka buga guduma, adadin da jaridu ke bugawa kuma ya haɗa da wannan ƙari. Mai saye ya san da shi, yana kuma cire shi daga tayinsa, saboda haka a zahiri daga aljihun mai kaya yake fita.

Sai yanayin kasuwa. Farashin manyan agogunan hannu na biyu ya yi tashin gwauron zabi har zuwa farkon 2022, daga nan ya juya ƙasa na tsawon lokaci. A lokacin tashi, farashin da aka yanka bisa cinikin watan jiya yakan zama araha a yau, gwanjo kuwa yana tafiya da kasuwa. A lokacin sauka, haƙurin da ke amfanar mai ƙayyadajjen farashi yakan koma asara, domin kowane wata na jira yana rage kuɗin. Akwai kuma bambanci wajen gyara kuskure. Wanda ya yanka farashi ya yi sama yana iya sauke shi a hankali har ya haɗu da mai saye. Wanda gwanjonsa ya ƙare ba tare da an kai farashin ƙasa ba kuwa, ya bar shaida a fili cewa an taya agogon kuɗi kaza an tsaya, kuma daga wannan adadi masu saye na gaba za su fara ciniki da shi.