Su wa suka cika ajin Likita Mila?

Ga tambaya. A 1900 Sarkin Kano Alu ya sallami Bishop Tugwell da tawagarsa ta mishan ɗin Angilika, cikinsu har da wani likita, Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. Daga baya Mila ya zauna a birnin Zariya, ya buɗe makaranta, ya yi shekaru ɗalibansa ba su taka kara sun karya ba. Amma zuriyar ɗaliban makarantar nan ce ta yi wa Arewa fintinkau a boko. To, daga ina suka ɓullo?

Za ka ce Turawan mulki ne suka tara masa yara. A'a. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, kuma gwamnati tata makarantar ta buɗe a Kano a 1909, a hannun Baturen da ake kira Ɗan Hausa.

'Ya'yan sarauta fa? Mila ya yi wannan mafarkin, bai tabbata ba. Shi da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ma ba sa ga maciji.

Magani, to? Ya kawo majinyata. Bai cika aji ba.

Sai 1913. Baƙi suka yi sallama. Ba Maguzawa ba ne. Almajirai ne, masu karatun allo.

Isawa ke nan. Malaminsu, Malam Ibrahim, malamin Kano ne da ya duƙufa kan ayoyin Alƙur'ani masu ambaton Annabi Isa, har ya fifita shi fiye da yadda malaman gari za su lamunta. Aka kashe shi a kasuwar Kano, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Mabiyansa suka watsu, wasu har Ningi, suna dakon wanda zai zo musu da ƙarin bayani a kan Isa. Kusan shekara hamsin suna jira! Ashe tun kafin a haifi makarantar aka tanadar mata ɗalibai, kuma mutanen da suka riga suka san darajar rubutu.

Wasunsu suka karɓi Kiristanci, suka kafa ƙauye a Gimi. Ciwon barci ya yi musu ɓarna, yaran da suka tsira suka koma hannun Mila. Wajen 1929 mishan ya tashi daga birni zuwa Wusasa.

Daga zuriyar Isawan nan Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975.