Ɗan Ruwan Da Ke Ba Da Shaidar Lafiyar Inji

Wata rana da damina muka shiga kwalekwale a Ibi, za mu haye Binuwai. Mun kai mu ashirin, ga buhunan masara, ga babur, ga mata da goyo. Kogi kuwa ya cika ya batse. Da muka kai tsakiya, sai matuƙin ya waiwaya ya dubi injinsa, nan take ya kashe shi. Ruwa ya soma janmu. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, lafiya? A nan za ka tsaya da mu?" Ya ce, "Yi haƙuri, Inna, injin ne ya daina shan ruwa." Ya miƙa wa yaransa filafili, ya ɗaga ƙafar injin, sai ga baƙar leda ta manne mata. Ya cire ta, ya dakata kaɗan, sa'an nan ya ja igiya. Ruwa ya tsarto, muka haye lafiya.

Da ya ci gaba da tafiya na 'yan mintoci, da injin ya ƙone, da labarin ya zama dabam. Wannan ya sa muka ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayani, musamman gidajen da abincinsu da kuɗin makarantar 'ya'yansu ke fitowa daga irin wannan inji, ko a Ibi, ko a Yawuri, ko a Baga.

Yadda Injin Yake Shan Ruwa

Mota tana da lagireto, tana tafiya da ruwanta. Injin kwalekwale ba shi da shi, ruwan kogin da yake ciki shi yake sha. A ƙafar injin, kusa da farfela, akwai 'yan ƙofofi masu raga. Ta nan ruwa yake shiga. Bisa da su akwai ɗan famfo, a cikinsa kuwa akwai wata roba mai fukafukai, yawanci 6, wadda makanikai suke kira impela. Sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa farfela ita ce ke juya ta. Impela takan tura ruwa sama ta cikin bututu, ya kewaye silinda, ya kwashe zafi, sa'an nan ya koma kogi tare da hayaƙi.

Amma masu ƙera injin sun ware kaɗan daga ruwan nan, suka bar shi yana tsartuwa waje ta wani ɗan rami a ƙarƙashin murfi, domin matuƙi ya gani da idonsa. Bari mu kira shi ruwan shaida. Muddin yana fita da ƙarfi, famfo yana aiki ke nan. In ya rage, ko ya ɗauke, ko ya koma tururi, to, a kashe inji nan da nan. Kada a ce bari mu ƙarasa gaɓa. Zafi yakan sa fistin ya kumbura ya cije a cikin silinda, gyaran wannan kuwa yakan ci ribar watanni. Kada kuma a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, gama ƙarfen yana iya tsagewa. A bar shi ya huce da kansa.

A Fara Da Abu Mai Sauƙi

Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne su kwance inji tun ba su duba ƙananan abubuwa ba. Ga yadda ya kamata a bi, daga na kyauta zuwa mai tsada.

Da fari, a ɗaga ƙafar injin a dubi ƙofofin ruwa. Leda, da kainuwa, da ciyawa, da guntun koma, da taɓo, su ne suka fi toshe su.

Na biyu, a duba ko ƙofofin suna nutse sosai. In an tara kaya da mutane a goshin kwalekwale, bayansa yakan ɗaga, famfo ya riƙa shan iska maimakon ruwa. Faffaɗan ƙarfen nan da ke bisa farfela bai kamata ya leƙo waje ba sa'ad da ake tafiya. Wani lokaci maganin duka shi ne a ce wa mutum uku su komo baya.

Na uku, a dubi ramin shaidar kansa. Sau da yawa famfo lafiyarsa lau, ramin ne kawai ya toshe. Rairayi yakan cushe shi. In kuwa an jingine inji a ɗaki na 'yan makonni, zanzaro yakan same shi ya liƙe da laka, kamar yadda yake yi wa ramin kwado. A zura zaren fatsa mai kauri a ciki, a motsa shi a hankali. Kada a sa ƙusa, don kada a huda ɗan tiyon da ke ciki. Sa'an nan a ta da inji, a jira daƙiƙa kaɗan. In ruwa bai fito ba, a sake kashewa.

In Laifin Impela Ne

In an bi waɗannan duka ba a dace ba, sai a tuhumi impela. Abu uku ke kashe ta. Na ɗaya rairayi, musamman da rani sa'ad da kogi ya janye, ƙafar inji tana jan ƙasa. Na biyu tsufa, gama roba takan bushe ta sandare ko da ba a aiki da ita. Na uku, wanda ya fi duka, ta da inji a tudu. Ruwa ne ke sa robar nan santsi. In babu shi, ko minti ɗaya ba ta kaiwa sai ta lalace. Saboda haka wanda zai gwada inji a gida, sai ya sa ƙafar a cikin duro, ruwa ya haura faffaɗan ƙarfen nan da kamar faɗin tafin hannu, giya kuma tana firi.

Canja impela ba ya gagarar mai haƙuri, amma karo na fari ya kyautu a yi shi a gaban makaniki. Akan kwance ƙafar, a buɗe gidan famfo, a zare tsohuwar. A ƙidaya fukafukanta. In wani ya gutsure, lalle a nemo guntun, gama yakan hau bututu ya toshe hanya, sabuwar ma ta zama banza. A shafa cikin gidan da farantin ƙasa da yatsa. In rairayi ya yi musu zane mai zurfi, a canja su tare. A kula da ɗan ƙarfen nan mai kamar tsinin wata wanda ke riƙe impela da sanda. In ya faɗi, sanda za ta yi ta juyi, roba tana tsaye. A shafa wa fukafukan ruwan sabulu, a juya sanda ta hannun dama, yadda hannun agogo ke tafiya, ana danna gidan a hankali. Wajen mayar da ƙafar kuma, a tabbata bututun ruwa ya shiga mazauninsa.

Masu ƙera injuna irin su Yamaha suna ba da shawara a duba impela bayan awa 100 na aiki ko shekara 1, a canja ta bayan awa 300 ko shekara 3. Mai aiki kullum a ruwa mai rairayi, kada ya jira wannan. Sau ɗaya a shekara, kafin ruwa ya kawo, ya fi.

Shaida Ma Takan Yi Kuskure

Akwai injunan da ke da tamostat, watau ɗan makulli wanda ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, wajen digiri 50 zuwa 60, sa'an nan ya buɗe. A injuna da yawa ruwan shaida yana rabuwa tun bai kai wurinsa ba. Don haka in makullin ya cije, ana iya ganin ruwa yana tsartuwa, inji kuwa yana ƙonewa. Alamunsa su ne ƙarfi ya ragu, da warin fenti mai ƙuna. In an kashe inji, aka taɓa kan silinda, hannu ya kasa jimrewa ko kaɗan, to, zafin ya wuce kima. Wannan aikin makaniki ne.

Kalma Ga Iyali

Ba a fafe gora ranar tafiya. Maigida, ka ajiye sabuwar impela da sifana da zaren fatsa a cikin gwangwani mai murfi, kada kuma filafili da rigunan ruwa su rabu da jirginka. Ka koya wa yaron da ke riƙe maka inji ya dubi ruwan shaida da zarar ya ja igiya, ya kuma riƙa waiwayensa a hanya. Uwargida, in ana kasafin kuɗin gida, ki tuna masa da na roban nan tun kafin damina.

Mu fasinjoji kuma, in matuƙi ya kashe inji a tsakiyar ruwa, kada mu tashi tsaye, kada mu yi masa tsawa. Mu zauna inda muke, mu ba shi lokaci. Mai yiwuwa ne ya ga abin da mu ba mu gani ba.