Daga Majiya zuwa Jami'ar Tawa

Kafin shekarar 2010, yaron Buza ko Keita da ya ci jarrabawar bak ta ƙarshen sakandare hanyarsa kusan ɗaya ce: ya ɗaura jaka ya nufi Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500 daga Tawa, ya shiga Jami'ar Abdu Mumuni. Mai karatun Arabiyya ya nufi Jami'ar Musulunci ta Say, mai hali kuma ya ƙetare iyaka. Ga ɗiya mace nisan nan kaɗai ya isa ya kashe maganar karatu, domin ba kowane uba ne zai saki ɗiyarsa zuwa garin da ba shi da kowa ba. A 2010 gwamnati ta kafa jami'o'i uku a Maradi, Damagaram da Tawa, bisa harsashin cibiyoyin koyon fasaha na IUT da suka riga su buɗewa. A 2014 aka ƙara huɗu: Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Yanzu ɗan Keita zai iya hawa mota da hantsi ya yi azahar a makaranta, ɗan Madawa kuwa ya san in abu ya taso a gida ba sai ya kwana a hanya ba.

Jami'ar Tawa tana ɗauke da sunan Farfesa Djibo Hamani, masanin tarihin da ya wallafa littafinsa kan Adar kafin zuwan Turawa a 1975, ya kuma yi rubutu mai zurfi kan sarautar Abzin. Ana karanta shari'a, tattalin arziki da gudanarwa, ilimin koyarwa, da ilimin noma, ga kuma IUT mai horar da ma'aikatan kasuwanci da ofis. Tsarin karatun shi ne LMD, irin na sauran jami'o'in yankin masu amfani da Faransanci: shekara uku a samu lisans, biyu a ƙara a samu masta, sannan digirin dakta ga wanda ya jure. Duk wannan ana iya karanta shi a takardar sanarwa. Abin da takarda ba ta faɗa shi ne yadda ɗalibi ke kwana da tashi.

Sabon zuwa ba ofis yake fara nema ba, ƴan garinsu yake nema. Kowane yanki yana da ƙungiyar ɗalibansa, kuma su ne ke tarbar baƙo a tasha, su ba shi gefen katifa, su nuna masa inda ake rajista da inda ake sayen tikitin abinci. Hukumar CROU ita ke kula da ɗakunan kwana, gidan cin abinci da ɗalibai ke kira resto, motocin bas da asibitin makaranta, kuɗin tallafi kuma daga hukumar ANAB suke fitowa. Sai dai a duk jami'o'in ƙasar gadaje ba su kai yawan masu nema, don haka ɗakin da aka yi wa mutum biyu ko huɗu yakan ɗauki ninkinsa, wasu kuma su haɗa kuɗi su kama haya cikin gari. In tallafi ya yi jinkiri, abin da ba baƙo ba ne, sai a koma ga buhun da aka zo da shi daga gida: gero, wake, garin rogo, ƙuli-ƙuli, da albasar fadamar Tarka in mutumin Madawa ne. Sauran kuma sai a jira saƙon yaya daga Abijan ko Libiya. Adar ƙasar ci-rani ce, kuma karatun ƙanne da yawa daga gumin ƴan ci-rani ake biyansa, ko da yake ba a cika faɗa ba.

A watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, karatun rana ya zama azaba, sai dare ya yi a fito da tabarmi ƙarƙashin fitila. Nan ake kafa fada, a ɗora shayi, a yi bitar darasi, a yi gardamar siyasa da ta ƙwallo har barci ya ɗauke na ɗaukewa. Sannan ga damina. In yajin aiki, na malamai ko na ɗalibai, ya tura jarrabawa zuwa Yuli ko Agusta, ɗan manomi yana cikin tsaka mai wuya: tsoho yana jiran hannu a gona lokacin noman farko, malami yana jiran takarda. Ɗan birni bai san wannan lissafi ba.

Ba za a fahimci ɗalibin Nijar ba in ba a san ƙungiyar ɗalibai ta USN ba, wadda aka kafa a 1960, kuma kowace jami'a tana da reshenta. A taronta kowa kamarad ne, ɗan minista da ɗan makiyayi. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka rasu, kuma jinin nan yana cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991 da siyasar jam'iyyu da yawa. Har yau ana tuna ranar duk shekara. Wannan tarihi ya ba ƙungiyar kwarjini, ya kuma ba ta nauyin kai a wasu lokuta, har ɗalibin da ke son shiga aji ranar da aka ce ba karatu ba ya iya buɗe baki.

Cikin wannan rayuwa ta lissafin tikiti ake samun ƴan kwanaki da makaranta ke canza kama. Ƙungiyoyi kan shirya ranar al'adu ko mako guda cur: a kafa rumfuna, a yi ƙwallo tsakanin sassa, a yi muhawara, wasan kwaikwayo, gasar waƙa da girki. Yaron da aka saba gani da wando da riga sai ga shi da rawanin Buzaye har hanci, da takobi a kafaɗa. Ƴan matan Fulani su fito da ƙwarya da kitso, Gobirawa su zana zubensu da kwalli a kumatu, a naɗa sarki na wasa da dogarai da maroƙinsa. A gefe ɗaya ga fura da nono, ga cuku, ga kilishi, ga tabarmin kaba na Madawa masu launi an shimfiɗa. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta AEMN ita ma tana da nata lokaci, musamman da azumi, da lacca da musabaƙar Alƙur'ani da buɗe-baki tare. Akan yi saɓani kan kiɗa da rawa da cakuɗar maza da mata, ba kuwa abin ɓoyewa ba ne. A ƙaramar makaranta dai mai adawa da mai shiryawa sukan kasance ƴan ɗaki ɗaya, shi ya sa gardamar takan ƙare a bakin butar shayi.

Abin da ya fi armashi shi ne wasan barkwanci tsakanin taubasai. Bagobiri ya tare Bazabarme ya ce bawansa ne, Bafillatani ya tsokani Ba'are ko Babarbare, Buzu ya samu Bazabarme ya ɗora nasa, kowa ya yi dariya ba mai fushi. A 2014 UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin gadon al'adun duniya. Ga yaron da bai taɓa fita daga ƙauyensu na Adar Dutsi ba, nan ne yake fara gane cewa ɗan Difa da ɗan Tera ƙasa ɗaya suke da shi, kuma darasin ya fi shiga da dariya fiye da jawabin gwamna. In an zuba yashi an zagaye da buhuna, kokowa ta ɗauki sauran yinin. Tawa kuwa tana da haƙƙi a kanta, domin a nan aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, wadda Kantu na Maradi ya lashe. Haka kuma gasar kiɗan zamani da aka fara a 1987 sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Tawa, take ɗauke da shi.

Duk da haka ina da ƙorafi. Yawancin abin da ake nunawa a ranakun nan kaya ne: a saka da safe, a tuɓe da dare, a mayar wa mai shi. A ɗauki hoto a zuba a WhatsApp da TikTok, Litinin ta yi a koma aji, kamar makwabta biyu da ke gaisawa ta kan katanga amma ba wanda ya taɓa shiga gidan wani. Ɗalibar da ta yi rawar kakarta ba a tambaye ta me waƙar ke faɗa ba, a wane lokaci ake yin ta, wa ya koya wa kakar. Alhali mutumin da makarantar ke ɗauke da sunansa da irin waɗannan tambayoyi ya gina aikinsa. Tarihin yadda Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya ci Adar har zuriyarsa suka zauna a sarautar Illela, ba daga takardun Turawa kaɗai ya fito ba. Sai da aka zauna gaban tsofaffi da maroƙa da malaman zaure, aka saurara, aka auna maganar wannan da ta wancan.

Kuma gundumomin Keita, Buza da Madawa cike suke da abin tambaya. A ɗauki Keita. Bayan farin da ya ƙone Sahel, a 1984 aka fara babban aikin raya karkara da kowa ya sani da Froje Keita, da kuɗin Italiya, ƙarƙashin hukumar FAO, hukumar abinci ta duniya PAM kuma tana biyan ma'aikata da abinci. Maza sun tafi ci-rani, don haka mata ne suka yi mafi yawan aikin: suka fasa fako da diga, suka ɗauko duwatsu a ka suka jera a gangaren tsaunuka don tare ruwa, suka haƙa ramuka, aka dasa miliyoyin itatuwa, aka gina madatsun ruwa. Daga baya aikin ya faɗaɗa har Buza da Abalak. Masana daga ƙasashe da dama sun zo sun yi rubutu a kansa da Italiyanci da Faransanci da Ingilishi. Jikokin matan nan kuwa suna zaune a ajin ilimin noma a Tawa suna haddace hanyoyin farfaɗo da ƙasa daga allo, wasu ba su taɓa zama sun tambayi kakarsu nawa ake ba ta a yini ba, da wace waƙa suke ɗaukar dutse, wa ya mallaki filin bayan ya farfaɗo. Tambayar ƙarshen nan ma ta ɗalibin shari'a ce, domin rikicin fili yakan tashi ne bayan fako ya zama gona.

A kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu, da tazarar kamar mita 100 tsakanin wannan jeri da wancan, don karya iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Binciken da aka yi ya nuna gero ya ƙara yabanya a bayan itatuwan. Daga baya maganar ta koma kan wa zai sare reshe, wa zai sayar, yaya za a raba kuɗin tsakanin mai gona da gari. Ɗalibin tattalin arziki ba ya buƙatar misali daga Faransa kan yadda ake sarrafa dukiyar jama'a, ga shi a bayan gidansu. A kusa da Madawa kuma, a garin Arewa, akwai kabarin Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Mutanen Sakkwato sun san girman wannan suna. Ɗalibai nawa ne daga Madawa za su iya tsayawa minti goma su yi bayaninsa?

Nan ne ƙanƙantar makaranta ke zama riba. A babbar jami'a malami ba ya sanin fuskar ɗalibinsa, balle garinsu. A Tawa zai iya sani, kuma filin binciken tafiyar awa biyu ko uku ce. Ba abu ne mai tsada ba a ce duk ƙungiyar da za ta kafa rumfa ranar al'adu ta zo da hira guda da aka ɗauka da waya daga bakin wani tsoho ko tsohuwa, da sunan garin da ranar da aka yi ta, a ajiye kwafi a ɗakin karatu. A gayyato masaƙiyar tabarma daga Madawa ko manomin albasa, a ba shi kujera da makirfo kamar kowane baƙo mai lacca, ba a tsugunar da shi a gefe don ado ba. Malami ya yarda a mayar da hirar batun kundin kammala karatu, a ba da maki a kanta, domin abin da ba shi da maki ɗalibi ba ya ba shi darensa.

Akwai kuma maganar harshe. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. A aji har yanzu da Faransanci ake karatu, kuma ɗalibai da yawa da suka tashi da Hausa ba su iya rubuta ta daidai da ƙa'ida ba, don ba a taɓa koya musu ba. Wanda zai kwafe hirar kakarsa dole ya koyi bambanta ƙ da k, ya kuma yanke shawara ko zai rubuta Adaranci yadda ta furta shi ko zai daidaita. Haka ɗan Abzinawan Keita zai fuskanci tasa Tamajak. Aiki ne na wata ɗaya ko biyu in akwai mai koyarwa. Abin da ba ya jira shi ne masu ba da labarin: yarinyar da ta ɗauki dutse a Keita tana da shekara 20 a 1984 yau ta haura 60, waɗanda suka shugabanci rukunonin aikin kuwa sun girme ta nesa, kuma da yawansu an riga an kai su makwanci.