Ba Kowane Ƙwaro Ne Abokin Gabar Mai Lambu Ba

A Ingila akwai wata al'ada da ta faro tun 1927: masu gidaje su ware rana su buɗe lambunsu ga duk mai son kallo, a biya ɗan kuɗin shiga, a tara don taimaka wa masu aikin jinya. Sule ɗaya ake biya a farkon lamarin, kuma har yau ana buɗe lambunan. Cikin lambunan da ake buɗewa yanzu akwai waɗanda masu su suka tsara musamman don ƙwari da tsuntsaye da ƙananan dabbobi su samu wurin zama. Baƙon da ya shiga zai tarar da wani lungu an bar ciyawa ta yi tsawo har ta yi fure, ga tarin guma-gumai suna ruɓewa a inuwa, ga ɗan kududdufi da kwaɗi a ciki. Idan ya duƙa gindin shinge zai ga an yanka wata kafa mai faɗin santimita 13, don bushiya ta riƙa ratsawa zuwa gidan maƙwabci da dare. Mutuminmu da ya saba da share tsakar gida tas tun da asuba zai ce mai gidan nan malalaci ne.

Sai dai akwai hujja a bayan wannan "lalaci", kuma wata mata ce ta fi kowa kafa ta. Sunanta Jennifer Owen, masaniyar ilimin dabbobi, mazauniyar Leicester, garin nan da 'yan kallon ƙwallo ba za su manta da shi ba saboda kofin Firimiya na 2016. Lambun gidanta murabba'in mita 741 ne, wato bai ma kai fuloti mai ƙafa 100 da 100 ba. Daga 1972 zuwa 2001, shekara 30 cif, ta yi ta ƙirga duk abu mai rai da ta iya ganewa a ciki. Ta kafa wani tarko na raga mai kamar tanti da ke kama ƙwari masu tashi, tana ɗebe su tana tantancewa. Da ta haɗa lissafi sai ga nau'i 2,673: tsirrai 474, ƙwari 1,997, tsuntsaye 54, sauran kuma su gizo-gizo da kwaɗi da makamantansu. Wasu manyan rukunonin ƙwari ma ba ta taɓa su ba, don aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Abin lura shi ne ba daji ta mayar da gidanta ba. Lambu ne irin na kowa, da furanni da kayan miya da 'ya'yan itace. Abin da ta yi kaɗan ne: ta cika wurin da tsirrai iri-iri har ƙasa ta rufu, ba ta feshi, kuma ba ta yawan datse-datse da share-share.

A cikin lissafin nata akwai adadin da ya fi dacewa manomi ya tsaya a kai. Ta samu nau'i 533 na wasu ƙananan ƙwari dangin zanzaro, huɗu daga ciki ma masana ba su taɓa saninsu ba. Aikin waɗannan shi ne macen ta nemi tsutsa ko wani ƙwaro ta dasa masa ƙwai a jiki, ɗan ya ƙyanƙyashe ya cinye shi daga ciki. Ba sai mun je Turai za mu ga irin wannan ba. Duk wanda ya taɓa fasa ɗakin zanzaro a jikin bango yana yaro ya san abin da ke zubowa: korayen tsutsotsi a sume, wani lokaci kuma gizo-gizo, an cusa su an liƙe da laka don ɗan da zai fito ya samu abinci. Tsutsotsin nan daga jikin ganyen wani aka ɗauko su, mai yiwuwa daga kuɓewar da ke bayan ɗaki. Haka ƙadangare da tsaka da ƙoƙi-ƙoƙi da kwaɗo suke kwana suna wuni a kan ƙwari, ba wanda ke biyansu ko sisi.

Nan ne matsalar feshi take. Maganin da yawancin masu lambu ke saya ba ya tambayar wane ƙwaro ne mai ɓarna, wane ne mai gadi. Yana kwashe su gaba ɗaya. To masu cin ganye sun fi saurin hayayyafa, don haka su ke fara dawowa, su tarar babu mai taɓa su. Sai mai lambu ya ga abin ya fi na da, ya ƙara ƙarfin magani. Manoman tumatir na Kano da Kaduna sun ɗanɗana wani abu mai kama da haka a 2016, lokacin da tsutsar da ake kira sharon ta cinye gonaki har tumatir ya gagari talaka. Tsutsar tana shigewa cikin ganye da cikin ɗan tumatir inda magani ba ya kai mata sosai, kuma tana saurin sabawa da shi. Ba ina cewa zanzaro kaɗai zai tare irin wannan annoba ba. Amma wanda ke feshi kowane mako ba tare da ya duba ko akwai ɓarnar da ta kai a yi ba, yana kashe kuɗinsa ne yana kashe masu taya shi aiki.

Sai batun fure. Kabewa da kankana da gurji suna fitar da fure iri biyu a yaɗo guda, namiji da mace. Macen ita ce mai ɗan ƙullutu a gindi. Idan ƙudan zuma bai kwaso garin namijin ya kai mata ba da safen da ta buɗe, ƙullutun zai yi rawaya ya faɗi. Da yawa sukan ce sanyi ne ko iri ne ba shi da kyau, alhali mai kai saƙon ne aka kashe. In feshi ya zama dole, a bari sai yamma liƙis bayan zuma ta koma, kuma a kauce wa lokacin da shuka ke cikin fure. Ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa ya fi sauƙin illa a kan masu amfani fiye da yawancin magungunan kanti.

Amma fa ba duk abin da Bature ya yi a lambunsa za mu kwafa ba. Shawarar Turawa ta farko ita ce a haƙa kududdufi. A ƙasar zazzaɓin cizon sauro, wannan gayyatar ciwo ce, domin a yanayin zafi sauro kan tashi daga ƙwai ya zama mai cizo cikin mako guda zuwa kwana goma. Abin da ya dace da mu shi ne kasko marar zurfi, a sa tsakuwa a ciki don zuma ta samu wurin tsayawa, a zubar a wanke a sake ruwan duk bayan kwana biyu. A watan Afrilu, lokacin da rana ke dukan ƙasa, za ka sha mamakin kurciyoyi da kanari da za su riƙa layi a bakinsa. Tarin itace ma haka: su can bushiya da kwaɗi ke shiga, mu nan kunama da kububuwa ne. A yi shi nesa da ɗakin kwana da inda yara ke wasa, in gidan ƙarami ne kuma a haƙura da shi.

Abin da za mu ɗauka ba tare da fargaba ba shi ne barin ganye ya ruɓe. Ƙona shara da muke yi kowace yamma hayaƙi kawai take bar mana. Ganyen da aka tara a rami aka yayyafa wa ruwa, ko aka shimfiɗa a gindin shuka, yana riƙe laima, yana kawo tana, ya koma taki. Sai kuma zaɓen itace. Ɓaure da ceɗiya da durumi idan suka yi 'ya'ya tsuntsaye da jemagu ba sa rabuwa da su, sai dai saiwarsu na fasa gini, don haka sai wuri mai fili. A ƙaramin gida zogale ya isa, ga miya ga furen da zuma ke so, a kewaye da shingen lalle. A bar ɗan albasa ko karas ko lansir ya yi fure maimakon a tumɓuke duka, domin ƙananan furanni irin waɗannan su ne abincin waɗancan dangin zanzaro idan sun girma.

Akwai kuma wanda muke zalunta saboda camfi: mujiya. Ɓera shi ne babban abincinta, kuma gidan da take kwana kusa da rumbu ya yi dace. Iyaye su ja wa yara kunne a kan harbin ta da danƙo, ita da ƙadangare da hawainiya. Mai lambu kuma, kafin ka goya tankin feshi a makon nan, ka duƙa ka juya ganye goma ka duba bayansu. In ba ka ga ɓarnar da ta kai ba, ka ajiye shi.