Abin da Ke Samun Iska a Ƙarƙashin Ruwa

Tun ina ƙarami nake wanka a kogin garinmu, kuma duk lokacin da na yi nutso na kai ƙasa sai in ji kunnuwana suna ciwo kamar ana danna su. Ban san dalili ba sai ranar da malaminmu na kimiyya ya shigo aji riƙe da sirinji marar allura. Ya ce in toshe bakinsa da yatsa in tura. Da na tura sai iskar ciki ta ƙanƙance, da na saki sai ta koma yadda take. Ya ce, "To, abin da ruwa ke yi wa iskar kunnenka ke nan."

Wani masani mai suna Robert Boyle ne ya bayyana wannan ƙa'ida a Ingila a shekarar 1662. Ƙa'idar ita ce, muddin zafi bai canja ba, idan aka ninka matsin da ke kan iska, girmanta zai koma rabi.

Mu da ke tudu iskar sama tana danne mu, ko da yake ba mu ji. A cikin teku kuwa, kowane zurfin mita 10 yana ƙara wani matsin daidai da wannan. Saboda haka idan aka nutsa da balan-balan mai lita 12, a mita 10 za ta koma lita 6, a mita 20 lita 4, a mita 30 kuma lita 3. Ba ta yoyo ba, matse ta kawai aka yi.

A shekarar 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka ƙera na'urar da mai nutso ke shaƙar iska da ita daga tukunyar da ya goya. Na'urar tana ba shi iska mai matsi daidai da na ruwan da yake ciki. Shi ya sa a mita 30 tukunyarsa ke ƙarewa da sauri, don kowane numfashi yana cin ninki huɗu na abin da zai ci a tudu.

Babban hatsarin yana wajen tasowa. Idan mutum ya cika huhunsa a mita 10, ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta ninka girma kafin ya kai sama. Huhu kuwa ba roba ba ne, yana iya yagewa, iska ta shiga jini ta kai ƙwaƙwalwa, a rasa rai. Don haka doka ta farko da ake koya wa mai nutso ita ce kada ya taɓa riƙe numfashi, kuma ya taso a hankali. Gaggawa tana kuma sa iskar naitirojin da ta narke a jikinsa ta yi kumfa, kamar an buɗe lemon kwalba.

Mu yaran kogi wannan yagewar ba ta samunmu, domin a sama muka shaƙi iskarmu, da mun taso girmanta na farko kawai take komawa. Amma 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda Allah ya nufa ya goyi wannan tukunya wata rana, ya tuna sirinjin malam. Rigakafi ya fi magani.