Kacala da Ruwan Tiga: Yadda Kogin Haɗeja Ya Sauya Hali

Kogin Kano da na Calawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, wanda ke gangarawa gabas har ya gamu da kogin Jama'are mai tasowa daga tsaunukan Jos. Daga wajen Gashuwa sunansu Komadugu Yobe, shi ne kuma ke raba Nijeriya da Nijar ta ɓangaren Difa kafin ya faɗa Tafkin Cadi.

A da, kogin yana da lokacinsa. Ya cika da damina, ya malale fadamun Haɗeja da Nguru, manomi ya samu shinkafa, masunci ya samu kifi. Da rani ruwa ya janye, makiyayi ya shigo da shanu. Ƙasar wajen rairayi ce, don haka ambaliyar nan ita ke nutsewa ta ciyar da rijiyoyi.

Sai aka gina madatsar Tiga a 1974, ta Calawa ta biyo baya a 1992. Ba a raina amfaninsu ba: birnin Kano na shan ruwansu, tumatir da shinkafar Kadawa ma da ruwan Tiga ake nomawa. Amma tun daga nan babbar ambaliyar shekara ta ragu, ruwa kuma ya koma zuwa kaɗan-kaɗan rani da damina.

Abin da kacala ke so ke nan. Ciyawa ce mai son ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. A da rani ke kashe ta, ambaliya kuma ta share laka. Yanzu ba ko ɗaya. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, kogi ya karkata zuwa rafin Marma yana cinye gonaki da ƙauyuka a wajen Nguru, alhali rafin Burum Gana na bushewa. Tsuntsayen jan-baki ma, kamar wannan bai isa ba, a cikin kacalar suke kwana su wayi gari a gonar gero.

Mutanen Gashuwa da Gaidam sun fi dogara yanzu da kogin Jama'are, shi ya sa maganar gina madatsar Kafin Zaki a kansa ke tayar musu da hankali duk lokacin da aka taso da ita.

Yankan kacala da injin yana rage wahala, amma tana sake tsirowa. Ya kamata hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ta tsara sakin ruwan madatsun nan yadda kogi zai cika da damina, ya kuma samu bushewa da rani.